Ba Ni Gishiri In Ba Ka Manda: Tafiya Zuwa Fadamar Sapelo

Babu gada tsakanin tsibirin Sapelo da sauran jihar Jojiya ta ƙasar Amurka. Mai son zuwa sai ya gangaro kudu daga birnin Sabana, tafiyar kamar awa guda a mota, ya ratse zuwa wata 'yar tashar jirgin ruwa da ake kira Meridian, kusa da garin Dariyen, ya jira jirgin fito na gwamnatin jiha. Ba kuma kowa ake ɗauka ba. Ko dai kana cikin masu ziyarar da aka tsara, ko wani mazaunin tsibirin ya san da zuwanka, ko kana da hulɗa da cibiyar binciken teku da ke can. Ni ta hannun masu binciken na samu shiga, a watan Nuwamba, lokacin da sauro ya yi sauƙi kuma ciyawar fadama ta fara komawa ruwan zinariya.

Fiton bai wuce rabin awa ba, amma a cikinsa mutum zai ga abin da ya kawo shi. Hagu da dama, har iyakar ganin ido, ciyawa ce iri ɗaya tak, wadda masana ke kira Spartina, tana tsaye cikin ruwan gishiri, ƙoramu suna ratsa ta suna murɗewa. A bakin ƙorama takan fi mutum tsayi, can ciki kuwa ba ta wuce gwiwa. Gaɓar Jojiya gajeriya ce, kimanin kilomita 160, amma kusan kashi ɗaya cikin uku na irin wannan fadama ta gishiri da ke gabashin Amurka a nan take.

Mu mutanen tudu mun saba da ruwan da ke cika da damina ya janye da rani. A nan teku ce ke cikowa ta janye sau biyu a kowace rana, kuma tazarar da ke tsakanin cikarta da janyewarta ta haura mita 2. In wata ya tsaya, ko ya kai tsakiyarsa, sai tazarar ta doshi mita 3, domin a lokacin rana da wata suna jan ruwa ta layi ɗaya. Kullum kuma lokacin cikar yana jinkirtawa da kamar minti 50, daidai da yadda fitowar wata ke jinkirtawa. Wanda ya iya lissafin kwanan wata ya riga ya san rabin jadawalin da ke manne a bangon kowane ɗakin bincike a Sapelo. Da wannan jadawali ake tsara komai: yaushe za a fita, yaushe za a ci abinci, yaushe dole a baro fadama ko aiki bai ƙare ba.

Cibiyar tana cikin tsoffin gine-ginen gidan madara na wani attajiri, Richard Reynolds, magajin kamfanin taba, wanda ya sayi mafi yawan tsibirin a 1934. Shi ya buɗe wa malaman Jami'ar Jojiya ƙofa, cikinsu har da Eugene Odum, aka kafa cibiyar a 1953. Wuri ne marar ƙawa, ga tankunan ruwa a tsakar gida, ga takalman roba jere a bakin ƙofa duk sun yi kaca-kaca da taɓo. Amma kaso mai tsoka na abin da duniya ta sani game da fadamar gishiri daga waɗannan ɗakuna ya fito.

Da hantsi, ruwa yana kan janyewa, na bi wata ɗaliba mai neman digiri na uku zuwa bakin wata ƙorama da ke zuba cikin kogin Duplin. Ta gargaɗe ni in riƙa taka gindin ciyawa, kada in kuskura in sa ƙafa a gangaren ƙorama, don taɓon wurin yana haɗiye mutum har cinya. Ko'ina warin ruɓaɓɓen ƙwai ne ke tashi. Dalili shi ne, ƙasa da saman taɓon kaɗan babu iskar oksijin ko kaɗan, sai bakteriyar da ke rayuwa da sinadarin farar wuta na ruwan teku, su ke fitar da wannan wari. In ka kwarzana da yatsa, nan take za ka tarar da baƙin taɓo wuluk.

Ta ce in zauna a kan katakon da suka shimfiɗa in zuba wa gangaren ido, kada in yi komai. Lokacin da ruwa ya sauka daga kansa, launinsa toka-toka ne, yana ƙyalli. Kafin awa ta cika sai na ga wasu wurare sun fara sauyawa, tabo nan tabo can, suna komawa ruwan zuma mai duhu, har suka haɗe suka rufe gangaren, kamar yanar da ke kwanciya a saman kunu in ya huce. Ba rana ce ta busar da taɓon ba, jiƙaƙƙe yake sharkaf. Halittu ne suka hauro daga cikinsa.

Sunansu dayatom. Dangin gansakuka ne, amma kowannensu ƙwayar halitta ɗaya ce tilo, kuma da yawansu sai an jera 20 zuwa 50 kafin su cika milimita guda. Suna haɗa abincinsu da hasken rana kamar kowane tsiro. Matsalarsu ita ce haske ba ya ratsa taɓo fiye da milimita ɗaya ko biyu, ruwan ƙoramun Jojiya kuma gurɓatacce ne da laka, in ya rufe wuri sai duhu. Don haka a gangaren ƙorama damarsu 'yan awoyi ce, lokacin da teku ta janye kuma rana tana sama. Sai su taso su sha haske. Kafin ruwa ya dawo kuma sai su nutse cikin taɓo, kada igiya ta kwashe su.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ba sai ruwan ya taɓa su ba suke sauka. Suna farawa tun bai iso ba. A shekarun 1960 wasu masana biyu, John Palmer da Frank Round, sun ɗebo taɓo mai ɗauke da wani nau'in dayatom daga gaɓar Masacusets, suka ajiye a ɗakin gwaji inda babu cikar teku kuma fitila ba ta mutuwa. Kwana da kwanaki halittun suka ci gaba da haurowa da nutsewa daidai da lokacin janyewar ruwa a gaɓar da aka ɗebo su. Ƙwaya ɗaya, ba ƙwaƙwalwa ba jijiya, tana riƙe da lissafin rana da na wata a lokaci guda. Na daɗe ina jujjuya wannan a raina, kuma ban ga abin da ya dace mutum ya ce ba illa tasbihi.

Yadda ɗalibar ta kamo su ma abin sha'awa ne. Ta shimfiɗa wata takarda shara-shara, irin ta goge gilashin madubi, a kan taɓon, ta bar ta. Da yake halittun haske suke nema, sai suka hauro suka shige cikin zaren takardar, suka baro laka a ƙasa. Da yamma ta wanke takardar cikin ruwan teku, ta ɗiga ɗigo ɗaya a ƙarƙashin madubin ganin ƙananan halittu, ta matsa mini kujera.

Cike ɗigon yake da su. Mafi yawansu siffar kwale-kwale gare su, wasu a miƙe, wasu a lanƙwashe, suna sulalawa gaba su tsaya su dawo da baya ba tare da sun juya ba. Ɓawonsu na silika ne, wato sinadarin da ake yin gilashi da shi, gida biyu, gindi da murfi, an zane shi da layuka da ƙananan huji a jere cikin tsari. A tsawon ɓawon akwai wata tsaga, ta nan suke fitar da wani abu mai yauƙi wanda suke manna wa ƙasa su ja jikinsu. Launin zumar nan kuwa wani sinadari ne da ke rufe koren da ke cikinsu. In yanayi ya yi musu daɗi, ƙwaya ɗaya na iya rabuwa biyu a cikin yini guda. Danginsu da ke yawo a tekunan duniya da tafkuna su ke samar da kusan kashi ɗaya cikin biyar na oksijin da tsirrai ke fitarwa a doron ƙasa.

Mu ma ba baƙinmu ba ne, ko da ba mu san su da ido ba. Kwarin Bodele da ke arewacin Chadi tsohon gindin tafkin Chadi ne na zamanin da yake da faɗin gaske, kuma farar ƙasar wurin ɓawon dayatom ne na ruwan daɗi da suka mutu suka taru dubban shekaru da suka wuce. Iskar hunturu tana kwasar wannan ƙura ta yo yamma da ita. Wani ɓangare na hazon da ke kwanciya a kan taga a Zinder da Kano daga nan yake.

Wanda ya fara auna aikin yanar dayatom ta saman taɓo a Sapelo shi ne Lawrence Pomeroy. A binciken da ya wallafa a 1959 ya kiyasta cewa gansakukar taɓo tana kama kabon da ya kai giram 200 a kowace murabba'in mita a shekara. Ya kuma lura da wani abu: da sanyi sun fi yin aiki in ruwa ya janye, lokacin da rana ke ɗumama taɓo, da zafi kuwa sun fi yi in ruwa ya rufe su ya sanyaya wurin. Ta haka aikinsu ba ya yankewa duk shekara, har a watannin da ciyawa ta bushe ta daina girma.

Ciyawar ta fi su yawan abin da take samarwa, wannan ba musu. Sai dai tauri gare ta, ga gishiri, kaɗan ne daga cikin dabbobi ke iya cin ta tana ɗanya. Sai ta mutu, funfuna da bakteriya sun yi watanni suna narkar da ita, kafin ta zama abinci. Dayatom kuwa abinci ne a shirye, mai maiƙo, mai sauƙin narkewa. Da na gane haka sai duk abin da nake gani a gangaren ya yi ma'ana. Dubban ƙananan ƙaguwa, mazansu da hannu ɗaya ƙato, suna fitowa daga ramuka suna ɗibar taɓo suna kaiwa baki, su tace abin da ke ciki su tofar da sauran a dunƙule. Baƙaƙen dodon koɗi sun yi cincirindo a inda launin zumar ya fi kauri. In ruwa ya dawo, kifin da ake kira mulet da 'ya'yan jatan lande su biyo shi su ɗora daga inda waɗancan suka tsaya. Zalɓe da balbela kuma suna tsaye suna jiran masu cin.

Dawowar ruwan ba ta da hayaniya. Ƙoramar da ke gangarawa teku sai ta tsaya cik na ɗan lokaci, sannan kumfa da karan ciyawa su fara tafiya ta inda suka fito. Ruwa ya riƙa hawa gangaren a hankali, launin zumar yana dusashewa a gabansa. Duk da haka ba duka ke tsira ba. Bakin ruwan yana ɗaga wani siririn kumfa mai ruwan ƙasa, cikinsa akwai dayatom da ba su kai ga nutsewa ba, su zama abincin kawa da sauran masu tace ruwa. Teku ta shigo da gishiri da laka da ƙananan gansakuka masu yawo da ƙwan kifi, bayan awa shida ta juya ta fita da wani abu. Tambayar da ta ci wa masana shekaru ita ce: me take fita da shi, kuma nawa?

Amsar farko daga Sapelo ta fito. A 1962 John Teal ya tattara duk awon da abokan aikinsa suka yi, ya lissafa abin da fadama ke samarwa da abin da mazaunanta ke cinyewa, ya ga akwai rarar da ta kai kashi 45 cikin 100. Ya ce ruwa ne ke fita da ita. A 1968 Odum ya faɗaɗa maganar: fadama tana ciyar da teku, ruɓaɓɓiyar ciyawarta ce ke riƙe da kifi da jatan landen da masunta ke kamawa a gaɓa. Maganar ta zo a kan gaɓa, domin a shekarar ce kamfanin Kerr-McGee ya nemi izinin haƙar sinadarin fosfet a fadamun da ke kusa da Sabana. Jama'a suka tashi, masana suka ba da shaida, a 1970 majalisar jihar ta kafa dokar kare fadamun gaɓa. Da dokar nan ce Jojiya ta tsira da abin da na gani daga jirgin fito.

Sai dai kashi 45 ɗin nan ba a auna shi a bakin ƙorama ba. Ragowar lissafi ne. Wadda ta fito da wannan fili kuwa ma'aikaciyar cibiyar ce, Evelyn Haines. Spartina tana kama kabon ta hanya irin ta gero da dawa da masara, kuma wannan hanya tana barin alama a jikin kabon ɗin da na'ura ke iya ganewa, alamar da ta bambanta da ta gansakuka. Haines ta tace ruwan ƙoramu da na mashigin teku ta auna ɓarɓashin da ke yawo a ciki. A 1977 ta bayyana cewa alamarsa ba ta ciyawa ba ce, ta fi kusa da ta gansakuka da ta abin da koguna ke kawowa daga tudu. A 1980 Scott Nixon na Jami'ar Rod Ailan ya bi diddigin binciken shekaru 20, ya nuna cewa hujjar fitar abinci mai yawa daga fadama zuwa teku ba ta kai ƙarfin da ake ba ta ba, kuma wata fadamar ma karɓa take fiye da bayarwa.

Wannan tarihi ya ƙara wa wurin daraja a idona. Ra'ayin babban malami Odum ne, ga shi an ci nasarar kafa doka da shi, amma a gidansa aka sa shi a sikeli, aka kuma faɗi abin da sikelin ya nuna. Bincike na baya bai rushe darajar fadama ba, ya dai gyara bayanin. A 1987 Bruce Peterson da Robert Howarth suka auna naman dabbobin Sapelo suka tarar ciyawa da gansakuka duka biyu ginshiƙai ne a abincinsu. An gano cewa ruwan sama mai ƙarfi, in ya sauka lokacin da teku ta janye, yana wanke saman taɓo ya zuba a ƙorama fiye da abin da cikar ruwa ta yau da kullum ke ɗauka. A 2004 Zhaohui Wang da Wei-Jun Cai suka nuna cewa kogin Duplin yana fitar da kabon mai yawa, amma a matsayin iskar da bakteriya suka numfasa ta narke cikin ruwa. Wani kason kuma da ƙafarsa yake fita, in ana iya cewa kifi na da ƙafa: 'ya'yan jatan lande suna shigowa ƙoramu ƙanana, su yi ƙiba a kan taɓo, su koma teku manya.

Ba masana kaɗai ke zaune a Sapelo ba. A kudancin tsibirin akwai ƙauyen Hog Hammock, na mutanen da ake kira Gala-Gici, jikokin bayin da aka kawo daga Afirka suka noma auduga da rake a gonakin Thomas Spalding tun farkon shekarun 1800. Yau 'yan gommai ne suka rage, suna fama da tsadar harajin filaye da matsin masu kuɗi da ke son gina gidajen hutu. Da yawansu suna danganta kansu da Bilali Muhammad, Musulmi ɗan Timbo ta Futa Jalon a ƙasar Gini ta yau, wanda aka kawo tsibirin ta hanyar Bahamas. Jikokinsa sun riƙe labarin yadda yake fuskantar gabas yana salla da tasbaha a hannu, da wainar shinkafar da matan gidan ke raba wa yara sadaka. Ya bar rubutun hannu na Larabci mai shafi 13 a kan al'amuran ibada, wanda yanzu ke ajiye a ɗakin karatu na Jami'ar Jojiya. Masanin harsunan nan Joseph Greenberg, wanda ya yi bincike a ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1930, ya nuna wa malaman arewacin Najeriya kwafin rubutun, a 1940 kuma ya wallafa cewa akwai sassan Risala ta Ibn Abi Zaid a ciki. Masana na baya sun yi ta muhawara a kan hakan. Ni dai da na tsaya a maƙabartar ƙauyen sai da na yi masa addu'a.

Wani dattijo a ƙauyen ya nuna mini yadda suke wurga raga ta buɗe a iska kafin ta faɗa ruwa. Bai taɓa leƙa madubin cibiyar ba, amma ya san bakin ƙoramar da mulet ke taruwa in ruwa ya fara sauka, ya san kwanan watan da kawa ke fitowa fili a tsince su da hannu. Ya ce duk wanda ya taɓa fede mulet ya san taɓo yake ci, don shi ake tararwa a cikinsa. Ƙorafinsa ɗaya ne: ruwan da a da ba ya wuce magudanun bayan gari, yanzu in wata ya cika yakan hauro cikin gonaki, gishiri ya ƙone shuka.

Ma'aunin ruwa da ke Fort Pulaski kusa da Sabana, wanda ke aiki tun 1935, ya tabbatar da maganarsa: teku tana hawa fiye da milimita 3 a shekara a wannan gaɓa. In fadama za ta rayu, dole ƙasarta ta riƙa tashi da irin wannan sauri, in ba haka ba ciyawar ta nutse. Hanya biyu gare ta. Saiwoyin ciyawa suna taruwa a ƙasa, karanta kuma yana rage gudun ruwa har lakar da ya ɗauko ta kwanta. A nan dayatom ke da wani aikin da ba na ciyarwa ba. Yauƙin da suke bari a bayansu yana manne sabuwar lakar, ya hana ruwa mai fita sake kwashe ta. Ɗalibar da na bi wannan take aunawa: tana kwatanta ƙarfin ruwan da ke iya ɗaga taɓo mai yanar da wanda ba shi da ita.

Lakar kanta daga tudu take zuwa, wani kaso ta kogin Altamaha da ke shiga teku kudu da Sapelo. Babban jikin kogin ba a datse shi ba, amma rassansa biyu, Oconee da Ocmulgee, akwai madatsun ruwa a kansu, kuma kowace madatsa tana tare lakar da da ta gangaro gaɓa. Tun shekarar 2000 akwai shirin bincike na dogon zango a wannan yanki, wanda ke bin tsayin ƙasar fadama da gishirin ruwa da girman ciyawa shekara bayan shekara. A wurare da dama cikin fadamar an kafa sandunan ƙarfe har can ƙasa mai tauri, ana dawowa lokaci-lokaci a ɗora musu ma'auni a ga ko taɓon ya ƙaru da milimita nawa.